Kunkuru da Tururuwa: A Raba Su Ba Tare da Guba Ba

Wannan jawabi ne da wani malamin dabbobi ya yi a taron ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙaramar hukumar Kebbe, gab da faɗuwar damina. Mun buga shi don amfanin masu karatunmu. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.



Iyayena da yayyena da ƙannena, barkanku da yamma. Na ga mutanen Kuchi, na ga na Girkau da Margai da Sangi da Ungushi. Sannunku da hanya. Na gode wa malaman aji da suka ba ni wannan lokaci.

Da aka ce zan yi magana a kan kunkuru, na ji wasu sun yi dariya. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, ga shanu, ga awaki, ga kaji, ka rasa abin magana sai kunkuru?" Baba, a yi mini haƙuri. Abin da yake cin kunkuru shi yake cin 'yan tsaki da 'yan shila da 'ya'yan zomo. Maganin da ake kashe kunkuru da shi bisa kuskure kuwa, shi ne yake kai yaranmu asibiti. Saboda haka maganar ta shafi kowane gida.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

An taɓa kirana wani gida a wani ƙauye kusa da nan. Maigidan yana da ƙaton kunkuru. Ya ce a gidan ya tashi ya tarar da shi, tun zamanin kakansa. Yara suna hawansa, baƙi suna zuwa kallo.

Da damina cinnaka ya cika makwancin kunkurun, domin kullum a nan ake zuba masa sauran tuwo da ɓawon kankana. Babban ɗan maigidan ya tausaya wa dabbar. Ya sayo fiya-fiya a kasuwa, ya yayyafa a ƙasa da bakin ramin. Da safe aka ga cinnaka ya mutu baƙi ƙirin, kowa ya ji daɗi.

Kafin la'asar 'yan tsaki sun fara faɗuwa, don sun tsattsage matattun ƙwarin. Kashegari kunkuru ya ƙi cin abinci, yawu yana zuba daga bakinsa, ƙafafunsa sun saki. Wani yaro mai rarrafe da ya yi wasa a wurin ya kama amai. Allah ya taimaka an kai shi asibiti da wuri, ya warke. Kunkuru dai bai tashi ba. Da na koma gidan bayan mako biyu, na tarar cinnaka ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Garin neman gira an rasa ido.

WANE NE KUNKURU?

Babban kunkurun da ake ajiyewa a gidajenmu ɗan ƙasar nan ne. Ana samunsa a bakin hamada, tun daga Senegal har zuwa Eritiriya. Shi ne na uku wajen girma a duniya. Biyun da suka fi shi a tsibiran teku suke. Wani ƙaton namiji yakan kai kusan kilo 100, wato nauyin buhun gero. Yana iya wuce shekara 70 a duniya. A fadar Sarkin Ogbomoso ta jihar Oyo an yi wani mai suna Alagba, wanda ya mutu a watan Oktoba na 2019. Mutanen fada sun ce ya shekara 344, masana kuma sun ce da wuya ya kai haka. Ko ma dai yaya ne, kunkuru yakan binne wanda ya kawo shi gida.

Amma a daji yana ƙarewa. An nome dajin, dabbobi sun cinye ciyawar, ana kuma kama shi ana sayarwa. A 2021 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, wadda ake kira IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Don haka kada a ƙara kamo na daji. Wanda yake gida kuma a riƙe shi da kyau. Wani don sha'awa ya ajiye, wani gado ya yi, wani yana da nasa dalili. Ko don me ka ajiye, tunda ka killace shi, ya zama amana a wuyanka.

Mutane suna zaton ƙoƙon bayansa ya tsare shi daga komai. Ƙoƙon yana tsare shi daga kare da kura. Ba ya tsare shi daga ƙwaro. In kare ya zo, kunkuru ya shige ƙoƙo ya yi shiru, kare ya gaji ya tafi. In cinnaka ya zo, haka zai shige ya yi shiru, cinnaka kuwa ya bi shi har ciki. Ya kama fatar wuya, da hammata, da gindin wutsiya, da ido. Kunkuru ba shi da gudu, ba shi da yatsan susa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

'Ya'yansa sun fi shiga haɗari. Macen takan haƙa rami ta zuba ƙwai 15 zuwa 30. Ƙwan yakan yi wata uku ko huɗu, wani lokaci fiye, kuma sau da yawa da farkon damina yake ƙyanƙyashewa. A lokacin ne kuma ƙwari suke tashi. Ɗan kunkuru bai fi ƙwan kaza girma ba. Ƙoƙonsa da taushi, cibiyarsa ɗanya. Da ya fasa ƙwai, ƙwari sukan ji ƙarni su shigo. A dare ɗaya suna iya gamawa da shi.

KU SAN ABOKIN GABA

A bakinmu duk tururuwa ce, amma kowace da halinta.

1. Tururuwa ta gaske. Ita ce mai jidar hatsi, mai share fili a bakin raminta. Tsofaffi suna ba da labari cewa a shekarun yunwa har gidanta akan haƙa a ɗebi hatsi. Abinci take nema. Ba ta cika damun babban kunkuru ba, sai in an taka hanyarta.

2. Kiyashi da shazumamu. Su zaƙi da maiƙo suke bi. In ka gan su a gidan kunkuru, to, akwai sauran abinci a wurin.

3. Cinnaka. Shi harbi yake yi, kuma yana son wuri mai laima, kamar gindin randa da bakin makwarara. Cinnaka bai san na gida ba. Shi ya fi damun kunkuru a cikin gari.

4. Kwarkwasa. Ita ce mai fitowa rundu guda da damina, musamman a fadama da wurare masu danshi, kuma ta fi tafiya da dare. Nama take ci. Duk abin da aka ɗaure ko aka rufe, wanda ba ya iya gudu, ta same shi. Amma ba ta zama wuri ɗaya, wucewa take yi.

5. Gwano. Shi gara yake farauta. Mai rumbu da azara ya kamata ya ƙyale shi ya yi aikinsa.

DON ME FESHI BA YA ƘARE SU?

Waɗanda kuke gani a waje 'yan aike ne kawai. Can ƙarƙashin ƙasa akwai uwa, wadda masana suke kira sarauniya. Aikinta zuba ƙwai. In ka kashe dubu a waje, ba ka taɓa ta ba. Cikin 'yan kwanaki wasu za su fito. Masu fiffiken nan da suke tashi bayan ruwan fari, maza ne da sababbin uwaye. Mazan mutuwa suke yi, shi ya sa ake cewa in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi. Amma macen da ta tsira takan kakkaɓe fiffike ta kafa sabon gida.

A 2022 wasu masana sun yi ƙiyasin tururuwar duniya. Sun ce in za a raba wa mutane, kowane mutum ɗaya zai sami kimanin miliyan biyu da rabi. To, kwalba nawa za ka saya ka ƙare rabonka?

Ga abin da ya kamata ku riƙe. In ɗaya ta sami abinci, sai ta koma gida tana shafa wani wari a ƙasa. Sauran su bi warin nan a jere. In babu abinci, babu mai kiran 'yan'uwa. In an wanke hanyar da ruwan sabulu, warin ya ɓace, su ruɗe. Ashe tsintsiya da sabulu sun fi kwalba aiki.

Malamanmu masu karantar da littafin Risala suna koya mana cewa ana iya kashe tururuwa in ta cutar kuma an rasa yadda za a yi, amma barinta ya fi. Kun ga ilimin addini da na dabbobi sun haɗu a nan. A tsare hanya tukuna. Kisa shi ne na ƙarshe.

ABUBUWAN DA BA A KAI SU GIDAN KUNKURU

Kunkuru a ƙasa yake kwana, hancinsa a ƙasa, yana haɗa abinci da ƙasa ya ci. Jikinsa kuma ba ya saurin fitar da guba. Abin da aka zuba a ƙasa, shi aka ba. Don haka a nisanta waɗannan daga wurinsa:

Fiya-fiya da Sniper. Guba iri ɗaya ce a cikinsu. Tana shiga ta baki, ta hanci, har ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper irin na gona a ƙananan kwalabe, ta kuma hana baza shi a kasuwanni da kantuna.

Gamalin. A 2008 'yan mata 'yan makaranta fiye da 100 sun kwanta asibiti a jihar Gombe bayan sun ci wake mai Gamalin. A wannan shekara NAFDAC ta hana magungunan ƙwari 30, har da shi. Yana daɗewa a ƙasa bai lalace ba. In wani ya kawo maka tsohuwar kwalba, kada ka karɓa.

Ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake. Wasu suna cusa ta a ramin tururuwa. In ta ji laima takan saki iska mai kisa. Iskar tana iya bi ta ƙasa ta shiga ramin kunkuru, ko ɗakin da mutane suke kwana.

Allin kashe kyankyaso da garin maganin ƙwari. Yaro yana ɗaukar allin kamar na makaranta ya kai baki. Garin kuma yana manne wa ciyawar da kunkuru zai ci.

Kananzir da baƙin mai. Suna ƙona fata, suna ɓata ƙasa da ruwan sha.

Allurar Ivomec. Wannan magani ne mai kyau ga shanu da tumaki. Amma ga kunkuru ajali ne, shanye masa jiki yake yi. Ko kaska ka gani a jikinsa, cire ta da hannu. Kada a yi masa wannan allura.

A nan karatunku zai yi muku rana. Kafin ka sayi kowace kwalba, juya ta ka karanta. In ka ga haruffa D, D, V, P a jere, gubar fiya-fiya ce. Dubi layin launi a gindin takardar. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. In ka ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, an ce maka mutuwa ke nan. Kwalbar da ba ta da rubutu ko kaɗan, bar wa mai ita kayarsa.

AIKI BAKWAI NA RIGAKAFI

Na ɗaya, zaɓen wuri. Kada a yi gidan kunkuru kusa da rumbu, ko madafa, ko juji, ko makwarara. Kada a yi shi a gindin mangwaro, inda 'ya'ya suke faɗowa su ruɓe. Kafin a fara gini, a duba ƙasa da safe da yamma, a ga ko akwai ramin ƙwari.

Na biyu, katanga. A yi ta da ƙasa ko bulo, ta kai cinyar mutum. A zurfafa tushe, domin kunkuru gwanin haƙa ne. A lilliƙe tsaga. A sare reshen da ya taɓa katanga, don gada ce ga ƙwari. A yi masa rumfa ya sami inuwa.

Na uku, abinci. Kunkuru ɗan ciyawa ne. A ba shi harkiya, ƙyasuwa da kiri-kiri, ɗanya ko busasshiya. A ƙara da ganyen rama, ko yakuwa, ko na kabewa. Tuwo da shinkafa da ƙashin miya ba cimarsa ba ne. Kankana da mangwaro sai jefi-jefi, ɗan kaɗan, domin zaƙi yana ɓata masa ciki, yana kuma kiran kiyashi.

Na huɗu, lokacin ci. A ba shi da safe, a kan faffaɗan dutse ko tire. Bayan awa ɗaya ko biyu a kwashe abin da ya rage, a wanke wurin. Kada abinci ya kwana.

Na biyar, ruwa. A zuba a kasko marar zurfi, a sauya kullum. Kada a bar gindin kaskon ya zama taɓo, nan cinnaka yake kafa gida. A riƙa ɗaga kaskon ana dubawa. Ku tuna kunkuru ba kififiya ba ne, bai iya iyo ba. Ruwan kada ya wuce haɓarsa.

Na shida, shara. A kwashe kashinsa kullum a kai gona. A ɗauke tsofaffin itatuwa, da fasassun tukwane, da tarin duwatsu. A bayan katanga a share fili mai faɗin taku ɗaya, a bar shi fes, yadda in jere ya taso za a gan shi.

Na bakwai, toka. A zuba busasshiyar toka a kan filin nan, ta kewaye katanga ta waje. Ƙwari ba sa son ratsa ta. In ruwa ya sauka a sake sabuwa. Amma a waje kawai. Jiƙaƙƙiyar toka tana da kaifi, tana cin fata da ido. Kada a zuba ta a makwancinsa, kada a shafa masa.

Akwai wata al'ada da nake roƙo a bari. Wasu sukan huda gefen ƙoƙon kunkuru su ɗaura igiya ko sarƙa. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini a cikinsa, yana jin zafi. Hujin yakan zama miki, ƙuda da ƙwari su taru. In kwarkwasa ta zo kuma, ɗaurarre ba shi da mafita. Katanga ta isa.

KULA DA ƘWAI DA 'YA'YA

In mace ta yi ƙwai, a sa alama a wurin, a riƙa dubawa safe da yamma. Kada a zuba abinci kusa. In 'ya'ya sun fito, a kwashe su a sa a babbar roba ko akwati, da ƙasa mai tsabta da ɗan wurin ɓuya. A ɗora a kan tebur ko benci. Kowace ƙafar tebur a tsoma ta cikin gwangwani mai ruwa da ɗan sabulu. A shafa man basilin a ƙafar, sama da gwangwanin. Tebur kada ya jingina da bango. A rufe da raga saboda ɓera da shaho. Su sami hantsi, amma da inuwar da za su gudu, domin rana tana kashe su cikin roba. Wannan dabara ita ce kuma ta kejin zomo da akurkin 'yan tsaki.

IN AN SAMI GIDAN ƘWARI FA?

In ramin yana nesa da gidan kunkuru, ƙyale shi. Tsare abinci, wanke hanya da ruwan sabulu.

In yana cikin gidan ko gindin katanga, fara fitar da kunkuru zuwa wani wuri mai inuwa. Kori yara. Sa takalmi. Da sassafe, tun ƙasa da sanyi, ƙwarin suna kusa da sama. Buɗe ramin da fartanya ko shebur, kwashe ƙasar da fararen ƙwayayen, ka kai nesa ka watsa wa kaji da zabi. Su za su gama aikin. Sai ka kwarara bokiti biyu ko uku na ruwan sabulu a ramin. In sun yi taurin kai, a yi da ruwan zafi, a kuma yi hankali da ƙuna. Sau ɗaya ba ya isa. A maimaita kwana uku ko huɗu. In ƙasa ta bushe, a cike ramin da sabuwa, sannan a mai da kunkuru.

In kwarkwasa ce, kada ka tsaya faɗa da ita. Ɗauke kunkuru, buɗe wa kaji, kwance abin da yake ɗaure, ɗauke jariri daga tabarma. Tare gabanta da toka don ta kauce wa ɗaki. Za ta wuce, ta tafi da kyankyaso da sauran ƙwarin gida.

In duk an yi wannan abin ya faskara, a je wurin malamin gona ko malamin dabbobi. Akwai magani irin na tarko, wanda ƙwari suke ɗauka da kansu su kai wa uwar. Ana sa shi cikin rufaffen gwangwani mai 'yan ƙananan huji, a bayan katanga, inda yaro da kaza da kunkuru ba sa kaiwa. Malami ne zai nuna irinsa da yadda ake sa shi.

TAIMAKON GAGGAWA

In ka tarar ƙwari sun rufe kunkuru, ɗauke shi daga wurin nan take. Kakkaɓe su da tsumma ko tsohon buroshin haƙori. Sa shi cikin ruwa mai ɗan ɗumi, marar zurfi, kansa a waje. Duba wuya, hammata, gindin wutsiya da ido. Kwarkwasa ba ta saki, sai an cire ta ɗaya ɗaya. Ajiye shi a inuwa, a tsare shi daga ƙuda. In ido ya kumbura, ko ya ƙi ci kwana da kwanaki, a nemi malamin dabbobi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ma tana da asibitin dabbobi. Bayan ka taɓa kunkuru, wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, domin kashinsa yana ɗauke da ƙwayar cutar gudawa.

In cinnaka ya harbi mutum, a wanke, a ɗora tsumma mai sanyi. Amma in fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a tafi asibiti ba jira.

In yaro ya sha ko ya taɓa maganin ƙwari, iyayena mata, ku saurara da kyau. Kada a ɗura masa manja. Kada a ɗura masa nono ko madara. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Mai yana iya taimaka wa gubar ta shiga jiki, amai kuma yana iya sarƙe shi ya shiga huhu. A tuɓe masa riga, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti mafi kusa, ko a Kebbe ko a Tambuwal. A tafi da kwalbar, likita ya karanta.

TAMBAYOYIN JAMA'A

Wata inna ta ce, "Malam, ni ba ni da kunkuru, 'yan tsaki gare ni. Cinnaka ya hana su kwana." Inna, aikin ɗaya ne. Ki kwashe sauran tsaki da dusa kafin magariba. Ki ɗaga akurkin daga ƙasa. Ki kewaye shi da toka ta waje. Ƙwan da ya fashe a cire shi da wuri, shi yake kiransu.

Wani saurayi ya ce, "Malam, wannan aiki da yawa, feshi kuwa minti biyar ne." Gaskiyarka, ƙanena. Amma shara ba ka saye, toka ba ka saye. Feshi kuwa kowane wata sai ka sake sayen kwalba, ga kuɗin asibiti in tsautsayi ya gitta. Ka yi lissafi, ai yanzu ka iya.

Baban da ya yi mini tambaya da farko ya ce, "To, wa zai riƙa wannan dubawa safe da yamma?" Baba, a ba jikoki. Yaro ɗaya ya ɗauki shara, ɗaya ruwa, ɗaya duba katanga. A rubuta sunayensu da ranaku a takarda, a manna a zaure. Sun sami aikin yi, kai kuma ka sami abin karantawa.

Jama'a, damina ta ƙarato. Wanda ya koma gida yau, ya leƙa makwancin dabbarsa kafin duhu. Ya kwashe sauran abinci. Ya ɗaga kaskon ruwa ya duba. In akwai kwalbar guba a ƙarƙashin gado ko kusa da kayan miya, a ɗauke ta a kulle inda yaro ba ya kaiwa.

Allah ya tsare mana yaranmu da dabbobinmu. Allah ya ba mu damina mai albarka.  

AIKIN AJI

1. Rubuta sunayen ƙwari biyar da aka ambata.
2. Don me feshi ba ya ƙare tururuwa?
3. A ina ake zuba toka, ciki ko waje? Don me?
4. Wane launi ne mafi haɗari a jikin kwalbar magani?
5. Me za ka yi in yaro ya sha fiya-fiya? Me ba za ka yi ba?